Gilashin Gaban Babur da Iskar da Ke Bubbuga Kai

Wasiƙun da suka iso wannan fili tun shigowar hunturu sun fi karkata ga abu ɗaya, wato iskar da ke dukan mai babur a doguwar tafiya, da kuma gilashin da ake ɗaurawa a gaba domin tare ta. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da babban babur ɗan Kwatano mai cc 650, kuma aiki yakan kai ni Kano daga Zariya a kai a kai. Da zarar na wuce kilomita 80 a awa, sai iska ta fara bubbuga mini hular kwano, kaina yana kaɗawa dama da hagu har rubutun allunan gefen titi ya riƙa yi mini rawa a ido. Kafin in kai Kwanar Dangora wuyana ya riga ya ƙage. Wani abokina ya ba ni shawarar in sayi gilashin da ya fi tsawo, na kuwa saya, amma an gudu ba a tsira ba, domin yanzu bugun ya fi na da, ga kuma wani irin gunji a kunne. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a hanyar dawowa Zariya abin yakan yi sauƙi. Shin in ƙara neman wanda ya fi wannan tsawo ne, ko kuwa hular ce ba ta da kyau?
*Mai karatu daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ƙara kashe ko kwabo a kan wani gilashi tukuna. Abokinka da kyakkyawar niyya ya ba ka shawara, amma ita ce kuskuren da aka fi yi a wannan harka, domin abin da ka bayyana ba ƙarancin tsawo ne ke kawo shi ba.

Akwai abubuwa biyu da mutane ke haɗawa wuri ɗaya alhali ba ɗaya suke ba. Akwai nauyin iska, wato turawar da take yi wa ƙirji da kafaɗu ba tare da yankewa ba, akwai kuma bugunta, wanda ke zuwa a gutsuttsure, yana kamawa yana saki. Na farkon yana gajiyar da hannuwa, kuma dominsa aka ƙirƙiro gilashin gaba. Ƙarfin wannan nauyi ba ya hawa daidai da hawan gudu, domin idan ka ninka gudunka sau biyu, turawar iska takan ninku sau huɗu: a gudun kilomita 50 a awa iska tana danna kowane murabba'in mita na abin da ya tare ta da nauyin kusan kilo 12, a gudun 100 kuwa nauyin ya doshi kilo 48. Na biyun, wanda shi ne ke damunka, sau da yawa gilashin ne da kansa yake haifar da shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gada da damina ya ga yadda ruwa ke yi wa ginshiƙi. A gaba yana tafe sumul, amma a bayan ginshiƙin sai ya riƙa juyi yana murɗawa, har ƙiraren da ya kwaso su yi ta zagaye a wurin sun kasa wucewa. Haka iska take yi wa gilashi. Tana hawa fuskarsa a natse, amma da ta kai bakinsa na sama sai ta rabu da shi ta yayyage, ta koma ƙananan guguwa masu bin juna. A bayan gilashin kuma ana samun wani gurbi inda matsin iska ya yi ƙasa, wanda ke zuƙo iska daga gefe da kuma daga ƙasa domin ya cika. Tsakanin iskar sama mai gudu da wannan gurbi akwai wani tsiri na yagaggiyar iska, kuma duk kan da ya faɗa cikinsa shi zai sha duka. Da alama gilashinka na farko yana sauke tsirin ne a wajen haɓarka, yana taɓa ƙasan hular kawai. Da ka sa dogo, sai ka ɗaga tsirin zuwa daidai goshi da kunnuwa, ka kuma ƙara wa gurbin baya girma.

Lissafin wannan bugu tsoho ne. Tun a 1878 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Cek mai suna Vincenc Strouhal ya binciki dalilin da ya sa waya ke kuka idan iska ta ratsa ta, ya gano cewa saurin bugun ya dogara ne da gudun iskar da kuma kaurin abin da ta ratsa. Idan aka ɗora wannan lissafi a kan gilashi mai faɗin santimita 40 a gudun kilomita 100, bugun kan faɗo wajen sau 14 a cikin sakan ɗaya. Tsokar wuya ba za ta iya bin wannan sauri ta tare shi ba, shi ya sa kai ke karkarwa, ido ya kasa tsayawa a kan rubutu, kunne kuma ya ji shi a matsayin gunji.

Sauƙin da kake samu a hanyar dawowa ma yana da dalili. Kano tana arewa maso gabas da Zariya, iskar hunturu kuma daga can take busowa, saboda haka in za ka Kano gaba da gaba kuke karo da ita. Gilashi ba ruwansa da abin da mitar babur ta nuna, gudun iskar da ta same shi kaɗai ke aiki a kansa. Idan kana kan 80, iskar kuma tana tafe da 20, to gilashin yana ɗaukar iskar 100, wadda ƙarfinta ya ɗara na 80 da fiye da rabi. A dawowa kuwa iskar 60 kawai yake ɗauka.

Kafin ka ɗauki sifana, sai ka fara nemo inda bugun yake fitowa, kuma wannan ba ya buƙatar kayan aiki. Ka sami miƙaƙƙen titi da rana, lokacin da babu cunkoso kuma babu tirela a gabanka, ka kai gudun da abin yake farawa ka tsaya a kansa. Ka sunkuyar da kanka kamar faɗin yatsu uku ka saurara, sannan ka miƙe wuya ka ɗan ɗaga jiki daga sirdi ka sake saurara. Idan a sunkuye abin ya lafa, to tsirin yana buƙatar a ɗan tura shi sama ne kawai. Idan kuwa sai da ka ɗago ka ji iskar ta yi ƙarfi amma ta daina bugu, to gajeren gilashi ne maganinka, kuma wannan sakamako ya fi yawa fiye da yadda masu babur ke son su yarda. Bayan haka ka saki hannun hagu na ɗan lokaci kaɗan, ka buɗe tafi, ka bi iskar da shi daga bakin gilashi zuwa hularka, za ka ji inda yatsu ke fara karkarwa. Daga nan ka kai tafin gefen tanki, daidai ramin da shokozoban gaba suke ratsawa, ka toshe shi. Mutane da dama a nan suke gano cewa gilashin ba shi da laifi, iskar daga ƙasa take tasowa ta shiga ƙarƙashin hula. Madubai ma ana zarginsu, musamman manya masu kusurwa, domin yagaggiyar iskar da suke bari tana nufar gefen kai kai tsaye. Ka ɗan juya su ciki na gwaji ɗaya ka gani, sannan ka mayar da su.

In kana son ka ga iskar da idonka, ka yanka zaren ulu gajere-gajere, kamar santimita 10 kowane, ka manna su da salatif a bakin gilashin, da bayansa, da saman tanki. Zaren da ya kwanta ya miƙe baya yana cikin lafiyayyar iska. Wanda ke ta rawa yana cikin tsirin. Wanda kuwa ya juya yana nuna gaba, shi ne shaidar cewa gurbin bayan gilashi yana janyo iska daga baya. Gara ka ɗaure waya ta ɗauki bidiyo ka kalla a gida, da ka ƙura wa zare ido a kan titi.

Da ka san tushen, sai gyara. Tsawon da aka fi dacewa da shi shi ne wanda bakin gilashin zai zo tsakanin leɓenka na sama da kan hancinka, kana zaune yadda ka saba zama bayan awa guda a kan hanya, ba yadda mutum ke miƙewa idan ana auna shi ba. Daga nan ya kamata ka iya hango kwalta ta saman gilashin tun daga kimanin mita 15 a gabanka. Ta saman gilashi ake kallo, ba ta cikinsa ba, domin ƙura ko ruwan sama ko hasken fitilun motoci da dare na iya mayar da shi bango a gaban ido cikin ƙiftawa. Idan babur ɗinka yana da ramukan noti fiye da ɗaya, ka gwada su duka, ka fara da na ƙasa. Manyan babura na zamani sun sauƙaƙa wannan: BMW R1200GS na 2013 ya zo da ɗan mamurɗi da ake juyawa da hannu, Honda Gold Wing na 2018 kuma da maɓalli ake ɗaga gilashinsa da sauke shi.

Bayan tsawo sai karkata. Gilashin da ya tsaya cak yana jefa iska sama sosai, amma yana yayyaga ta da ƙarfi, yana kuma barin babban gurbi a baya. Wanda ya ɗan kwanta baya yana sakin iskar a hankali. Ana canza wannan da washa biyu ko uku a ƙarƙashin notin ƙasa ko na sama, kuma ɗan canji kaɗan yana motsa tsirin da nisa.

Abin da ni nake ganin ya fi duk waɗannan tasiri shi ne barin kafa a ƙasan gilashin. Idan aka ɗaga shi daga jikin babur da santimita 2 zuwa 3, iska takan shiga ta ƙasa ta hau ta bayansa, ta cike gurbin nan, sannan ta haɗu da iskar gaba a baki ba tare da babban bambancin matsi ba. Dalilin da ya sa ake ganin wasu gilasan manyan babura da taga ko tsaga a tsakiya ke nan. Mutum zai zaci barin iska ta shigo hasara ce, amma ɗan sanyin da za ka ji a ƙirji bai kai wahalar bugun kai ba, da bazara ma har godiya za ka yi. Idan wannan bai wadatar ba, akwai ɗan ƙaramin fiffike da ake maƙalawa a bakin gilashi, wanda kamfanoni irin su MRA na Jamus da Puig na Sifaniya da Givi na Italiya suke ƙerawa. Iska tana matsewa tsakaninsa da gilashin ta fita a miƙe, tsirin kuma ya hau sama ba tare da an toshe maka gani ba. Kafin ka saya, ka gwada da guntun kwali mai kauri da salatif a ƙaramin gudu. In kwali bai kawo wani canji ba, da wuya fiffiken ya kawo. Idan kuwa daga ramin shokozoba iskar take, to ƴar farantin roba da za ta rufe wurin ba tare da ta hana kan babur juyawa ba ta fi kowane gilashi amfani.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, a titi ɗaya, ta fuska ɗaya, da hula ɗaya. Wanda ya canza uku a tare ba zai san wanne ya gyara ba, wanne kuma ya ɓata. Duk lokacin da ka ɗaure, ka juya kan babur har ƙarshe dama da hagu ka tabbatar gilashin bai taɓa hannunka ko madubi ko wayar kuloci ba.

Game da hula, tana iya ƙara abin ko da ba ita ce tushensa ba. Wadda ta yi maka yawa za ta riƙa rawa a kai, mai rumfa a goshi kuma takan kama iska idan tsirin ya faɗo daidai wurin. Amma in kan babur ɗin ne da kansa yake kaɗawa a hannunka, wannan wata magana ce daban, sai a duba iskar tayoyi da boris ɗin wuya a wajen bakanike ba tare da jinkiri ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, shekaruna sun ja, ina hawa ƙaramin babur mai cc 125 daga Maraɗi zuwa kasuwannin da ke kan hanyar Tasawa. Saboda sanyin safiya na sayi babban gilashi a kasuwa, aka ɗaure mini shi a kan hannuwan babur. Sanyin ya ragu, amma yanzu idan babbar mota ta wuce ni, ko iska ta taso daga gefe, sai in ji kamar wani ya fizgi kan babur ɗin. Ko akwai yadda za a daidaita shi?
*Mai karatu daga Maraɗi*

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da kuka ji ba zato ba ne, fizga ce ta gaske. A yawancin manyan babura na tafiya, gilashin yana ɗaure ne a jikin babur, saboda haka duk nauyin da iska ta ɗora masa yana sauka a kan gangar jikin. Naku kuwa a kan hannuwan tuƙi yake, don haka duk abin da iska ta yi masa, tuƙin ta yi wa. Gilashi mai faɗin santimita 40 da tsawon 50, idan ya tsaya cak, yana ɗaukar nauyin fiye da kilo 3 a gudun kilomita 60, da kimanin kilo 6 a gudun 80. Muddin iskar tana zuwa daga gaba sosai, nauyin yana rabuwa daidai a hannuwa biyu. Amma ku da kuke nufar gabas, iskar hunturu daga gaba ta hagu take samunku, sai gefe ɗaya ya fi ɗaukar nauyi, idan babbar mota kuma ta wuce ta tare iskar sannan ta sake ta, nauyin yakan tashi daga wannan gefe ya koma wancan nan take. Ƙaramin babur ba shi da nauyin da zai shanye wannan.

Shawarata ita ce a rage shi sosai. Gajeren gilashi da bai wuce santimita 25 zuwa 30 a saman fitila ba ya isa ya ɗauke muku iska daga ƙirji, ya bar kanku a cikin iska marar bugu. A ɗaure shi ƙasa-ƙasa, a tsakiya daidai, da ƙarafa huɗu maimakon biyu, a kuma kwantar da shi ya bi karkatar shokozoban gaba. A guji gilashin taga na gaske a madadin na roba ko da an same shi a banza, a kuma guji zagaye shi da ƙarfen walda mai kaifi, domin ranar tsautsayi ƙirji da maƙogwaro ne ke fara isa wurin. Maganar sanyi kuwa, riga mai hana iska shiga da safar hannu da hular kwano mai rufe fuska sun fi babban gilashi aiki a irin gudun da kuke yi, ba su kuma taɓa tuƙi. Idan kuka hango babbar mota tafe, ku rage gudu tun da wuri, ku matsa gefe, ku matse tanki da gwiwoyi, ku sassauta riƙon hannuwa, domin ƙanƙame su yana ƙara wa fizgar ƙarfi.

Tambaya: Malam, na gwada na gane cewa gilashina ya yi mini tsawo, ba shi kuma da wurin saukewa. Zan iya yanke shi da kaina? Sannan ya fara dushewa duk da cewa kullum ina goge shi da tsumma.
*Mai karatu daga Jos*

Amsa: Za ka iya, Malam, in kana da haƙuri. Abin da muke kira gilashi a babur roba ce, kuma iri biyu ce. Akirilik ta fi sheƙi amma tana saurin tsagewa, folikabonet kuma ta fi juriya ga duka amma tana saurin karcewa idan rufin da ke fuskarta ya ci. Ka lulluɓe wurin da za ka yanka da salatif na takarda irin na masu fenti, ciki da waje, ka kwafi lanƙwasar bakin na asali a kan kwali, ka sauko da ita ka zana. Ka yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora, a hankali, wani yana riƙe maka gilashin don kada ya yi rawa, domin rawar ce ke tsaga shi, gaggawa kuma tana narkar da robar ta liƙe wa zarto. Kada ka cire fiye da santimita 2 ko 3 a karo ɗaya. Ka yanka, ka hau ka gwada, in da buƙata ka ƙara. Bayan yanka ka goge bakin da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya zama ba ya yankan yatsa. Wajen mayar da shi, kada ka manta da robobin da ke cikin ramukan noti, kuma kada ka matse notin har ƙarshe, domin daga ramukan nan yawancin tsaga ke farawa.

Dushewar kuwa tsumman ne ke kawo ta. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, kuma goge ta a bushe daidai yake da karce robar. Ka fara zuba ruwa ya wanke ƙurar, sannan sabulu mai laushi da tsumma mai taushi. Fetur da tina da ruwan goge tagogi mai amoniya duk suna cinye wannan roba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya sa dogon gilashi a babur ɗinsa, yana ta yabawa wai yanzu ba ya jin iska ko kaɗan. Ni kuwa da nake baya, tun daga ranar iskar take dukan kaina da bayana fiye da da, hijabina ma gaba yake kaɗawa. Na faɗa masa ya ce tsoro ne kawai. Shin haka ne?
*Mai karatu daga Katsina*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba tsoro ba ne, kuma hijabin da ke kaɗawa gaba shi ne babbar hujjarki. Iskar da gilashi ya ɗaga sama ba ta dawwama a can, takan sauko ta haɗe bayan ɗan tazara. Dogon gilashin ya tsallakar da ita kan maigida, sai ta sauko daidai inda kike zaune, musamman da yake sirdin baya ya fi na gaba tudu a yawancin manyan babura. Ban da wannan, gurbin da ke bayan gilashin yana janyo iska daga baya, abin da kike ji a gadon bayanki ke nan.

Ki nemi alfarmar ya gwada abu biyu kina kan babur ɗin, domin gwajin da ya yi shi kaɗai bai shafi wurin zamanki ba. Ya bar kafa a ƙasan gilashin kamar yadda muka bayyana wa ɗan'uwanmu na Zariya, ya kuma ɗan kwantar da shi baya. In akwai akwati a kan kariyar ɗaukar kaya ta baya, a cire shi na gwaji ɗaya, domin shi ma yana canza yadda iska ke haɗewa. A naki ɓangaren, rage tazarar da ke tsakaninku yana hana iskar samun wurin faɗawa. Ki sa hular kwano daidai kanki a kan hijabi, ki kuma tattare gefunansa ki zauna a kai ko ki soke su, saboda yadin da iska ke wasa da shi a bayan babur yana iya kaiwa ga sarƙa ko tayar baya.

Tambaya: Malam, na daidaita gilashina har kaina ya daina kaɗawa, amma bayan doguwar tafiya kunnuwana sukan yi ta ƙara har dare. Abokaina sun ce zan saba. Akwai wani gyara da ya rage?
*Mai karatu daga Kaduna*

Amsa: Malam, abin da abokanka ke kira sabo, ji ne ke raguwa. A doguwar tafiya ba injin ne ya fi cutar da kunne ba, iska ce, domin a gudun kilomita 100 ƙarar da ke cikin hular kwano takan kai desibel 95 ko fiye, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai nazarin lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Wato a 94 awa ɗaya ce, a 97 rabin awa, a 100 kuwa minti 15. Ka auna wannan da tafiyar Kaduna zuwa Kano.

Gilashi na iya kawar da kaɗawar kai ya bar ƙarar, domin mafi yawanta daga ƙasan hula take shiga, wajen wuya da haɓa, kuma tsirin da aka sauke daga goshi sau da yawa a nan yake tsayawa. Ka sa tafin hagu a ƙarƙashin haɓar hular kana tafe; in ƙarar ta faɗi, to ka ƙara sauke gilashin kaɗan don tsirin ya koma ƙirji, ka kuma sa rawani ko mayafin wuya da zai cike tsakanin hula da kafaɗa. Duk da haka, babu daidaitawar da za ta maye gurbin matoshin kunne na soso, irin wanda ma'aikatan masana'antu ke sawa. Ana murza shi ya sirance, a ja kunnen sama da ɗaya hannun, a tura shi ciki a riƙe har ya kumbura. Yana rage gunjin iska sosai amma ba ya hana jin hon ko jiniya, auduga kuwa ba ta yin wannan aiki. Tunda ƙarar takan kai ka har dare, ka je asibiti wajen likitan kunne a auna jinka, ka kuma gaya masa tsawon lokacin da kake yi a kan babur a kowace tafiya.